Gwaggo, Tarihin Turanci Ya Kayar Da Ni, Ina So In Bar Sashen

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a jami'a, sashen Turanci. Sakamakon zangon da ya wuce ya fito, na faɗi kwas ɗin tarihin harshen Ingilishi, sai na maimaita shi baɗi. Wallahi na yi karatu, na haddace shekaru da sunayen sarakuna, amma da na zauna jarrabawa komai ya cakuɗe mini. Malamin ya kawo mana rubutun tsohon Ingilishi, ko kalma ɗaya ban gane ba. Me mutum zai yi da harshen da masu shi ma sun daina yi? Abin da ya fi ci mini rai kuma, ranar da na tashi gabatar da aiki a gaban aji na ce "fefa" maimakon "paper", aji ya fashe da dariya, har yau wasu da sunan suke kirana. Tun ranar ban ƙara buɗe baki a aji ba. Makarantar gwamnati na yi a ƙauyenmu, su kuwa yawancinsu 'yan makarantun kuɗi ne. Gani nake Turanci ba na irinmu ba ne. Ina so in koma sashen Hausa, amma na rasa yadda zan gaya wa Baba, don sai da ya sayar da sansa ya biya mini kuɗin rajista. Ko faɗuwar ban gaya masa ba. Ki ba ni shawara.

'Yarki, daga Zamfara

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanyaya miki zuciya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma na lura ba jarrabawar ce ta hana ki barci ba, dariyar nan ce. Don haka da ita zan fara.

Ɗauko littafin kwas ɗin da ya kayar da ke, ki nemo inda aka yi maganar dokar Grimm. A harshen Latin na Rumawan da ana ce wa uba "pater", a Sanskrit na tsohuwar Indiya "pitar", a Ingilishi kuwa "father". Kifi a Latin "piscis", a Ingilishi "fish". Ƙafa a Latin "pes", a Ingilishi "foot". Waɗannan harsuna kakansu ɗaya, kuma a bakin kakan da p ake faɗar kalmomin. Kakannin Jamusawa da na Turawan Ingila ne, tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bakinsu ya juya p ta koma f, har abin ya zama shi ne daidai a wajensu. Wani Bajamushe, Jacob Grimm, ya tsara bayanin wannan sauyi a 1822. Ita kalmar da ta jawo miki dariya ta tsira da p ɗinta ne saboda baƙuwa ce, ta shigo Ingilishi ta hanyar Faransanci bayan an daɗe da gama wancan sauyi, asalinta kuma sunan wata ciyawa ce da mutanen Masar ke yin takarda da ita. Abin da bakinki ya yi ran nan, al'umma guda ta taɓa yin sa, kuma a kansa harshen ya ginu.

Ba ina nufin ki ci gaba da cewa "fefa" ba. Gyara za ki yi, kuma gyaran ba shi da wuya. Mu Hausawa da leɓɓa biyu muke yin f ɗinmu, shi ya sa take zaune tsakanin p da f na Turanci, a wasu garuruwan ma ta koma h. Bature kuwa ya raba su. In zai yi p sai ya rufe leɓɓansa ruf ya sake su da ƙarfi. In zai yi f sai ya ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ya hura. Ki tsaya gaban madubi bayan sallar asuba, ki riƙe 'yar takarda kusa da bakinki, ki riƙa faɗin "pan" da "fan", "pull" da "full", "past" da "fast". Takardar za ta yi tsalle in p ta fito daidai. Minti goma kullum. Na koyar da Turanci a sakandare shekaru masu yawa, ban taɓa ganin yarinyar da ta dage da wannan wata biyu ba ta rabu da matsalar ba.

Shirun da kika yi a aji ne ya fi damuna. Akwai wani malamin coci mai suna Bede da ya zauna a Jarrow, arewacin Ingila, ya kammala littafin tarihinsa a 731. A ciki ya ba da labarin wani mutum, Caedmon, wanda ke kula da dabbobi a gidan ibada na Whitby, zamanin da wata mace mai suna Hild ke shugabantar wurin. A al'adarsu, in an taru ana shagali sai a riƙa miƙa garaya hannu zuwa hannu, kowa ya rera abin da ya iya. Shi Caedmon da ya ga garayar ta kusa zuwa kansa sai ya tashi ya sulale, don kunya. Wani dare ya gudu haka ya koma garke ya kwanta. Bede ya ce a mafarki aka umarce shi ya yi waƙa, ya ce bai iya ba, aka ce ya rera farkon halitta. Da safe ya tashi da baitocin a bakinsa, aka kai shi gaban Hild da malamai, suka saurara. Layi tara ne, na yabon Mahalicci, kuma har yau shi ne mawaƙin Ingilishi na farko da aka san sunansa. Makiyayi ne da ya girma bai yi karatu ba, mai gudun a ji muryarsa. Ki tuna da shi duk ranar da kika ji Turanci ba na irinku ba ne.

To, sai batun faɗuwa. Kin ce kin haddace shekaru da sunayen sarakuna. Nan gizo ke saƙar. Kin yi hadda babu fassara, shi ya sa da kika rasa aya ɗaya sauran suka watse. Wannan kwas labari ne na wani tsibiri da baƙi suka yi ta shiga, kowane ya bar kayansa a bakin mutane. In kin riƙe labarin, shekarun da kansu za su zauna a gurbinsu.

Fara da sanin cewa Ingilishi kansa baƙo ne a Birtaniya. Mutanen da ke can tun farko harsunan Celt suke yi, kakannin harshen da ake yi a Wales yau. Rumawa sun ci tsibirin a shekara ta 43 miladiyya, suka mulke shi kusan shekara 400, suka janye wajajen 410. Sai ƙabilu suka fara tsallako teku daga inda yau ake kira arewacin Jamus da Danmak: Angle, Saxon da Jute. Bede ya sa zuwansu a 449, ko da yake ƙaura ce da aka daɗe ana yi, jirgi bayan jirgi. Manoma ne da mayaƙa, ba su da littafi. Daga sunan Angle aka sami "Englisc" da "Engla land", wato ƙasar Angle. 'Yan ƙasar da suka tarar kuwa sai suka laƙaba musu "wealas", ma'ana baƙi, daga nan sunan Wales ya fito. Mai zuwa ya kira mai gida baƙo.

Kalmomin da waɗannan manoma suka zo da su su ne har yau ƙashin bayan harshen: "house", "bread", "water", "cow", "mother", "sleep", "eat". Ki duba biyu daga ciki. "Lord" da ake kiran manya da ita asalinta "hlafweard", mai tsaron gurasa. "Lady" kuma "hlæfdige", mai kwaɓa gurasa. Maigida ke nan mai riƙe da makullin rumbu, da uwargida mai tuƙa tuwo. Suna kuma da kalma "feoh", wadda ke nufin shanu kuma take nufin arziki, kamar yadda makiyayi a wajenmu in ya ce dukiya garkensa yake nufi. 'Yar'uwarta a Latin ita ce "pecus", kin ga p da f sun sake dawowa. Kalmar "fee" da ake rubuta muku a takardar rajista daga wannan tushe take. Ke da mahaifinki ya sayar da sa ya biya kuɗin makaranta, kin fi duk 'yan ajinku kusa da ma'anar kalmar.

Rubutu na sosai ya zo musu ne tare da addini, kamar yadda ajami ya zo mana. A 597 Fafaroma Gregory ya aiko wani malamin coci, Augustine, zuwa Kent a kudancin Ingila, Kiristanci ya fara yaɗuwa, haruffan Latin suka shigo, da kalmomi irin su "school", "candle" da "bishop". Sai marubuta suka tarar akwai sautukan da Latin ba shi da harafinsu, suka aro þ daga tsoffin alamominsu, suka ja wa d layi ta zama ð. Waɗannan baƙaƙen ne suka tsorata ki a takardar malaminku. Sautin "th" ne kawai. Dabara ɗaya ce da wadda ta ba mu ɓ da ɗ da ƙ a boko.

Baƙi na gaba da takobi suka zo. A 793 mayaƙan Viking daga Sikandinebiya suka afka wa gidan ibada na Lindisfarne, a 865 kuma suka zo da babbar runduna da niyyar zama. Masarautun Ingila suka yi ta faɗuwa, saura Wessex, inda Sarki Alfred ya ci Viking da yaƙi a Edington a 878, daga baya aka raba ƙasa, gabas da arewa suka zama na Viking. Alfred ɗin nan ya yi kukan cewa ilimi ya mutu a ƙasarsa, da wuya a sami mai fassara wasiƙar Latin. Shi kansa sai da ya kusa shekara 40 ya koyi Latin, sannan ya sa aka riƙa juya muhimman littattafai zuwa Ingilishi don mutanensa su karanta da harshensu. Su kuwa Viking da suka zauna sai aka shiga auratayya da cinikayya. Harsunan biyu dangin juna ne, ana ɗan fahimtar juna. Daga bakinsu aka sami "sky", "skin", "egg", "knife", "take", "law". "Window" a harshensu idon iska ne. "Husband" mai gida. Har "they", "them" da "their" nasu ne, kuma ba ƙaramin cuɗanya ke sa harshe ya ari wakilin suna ba.

Yanzu ki gyara zama, don nan ne zuciyar kwas ɗin, kuma nan ne amsar maganarki ta "irinmu". Ranar 14 ga Oktoba 1066, Wiliyam mai mulkin Nomandi, a arewacin Faransa, ya ci Sarki Harold na Ingila da yaƙi a Hastings, Harold ya mutu a fagen fama. Cikin shekara 20 kusan duk manyan filaye da muƙaman coci sun koma hannun masu jin Faransanci. Fada Faransanci, kotun sarki Faransanci, takardun hukuma da karatun malamai Latin. Ingilishi ya koma harshen gona, madafa da kasuwar ƙauye. Kusan shekara 300 yana haka a cikin ƙasarsa. Yaron da ya tashi da Ingilishi kaɗai a bakinsa a wancan zamani, shi ne ɗan ƙauyen da ake yi wa dariya in ya buɗe baki a gaban manya. Misalin da malamai suka fi kawowa shi ne na nama: dabba tana garke sunanta na Ingilishi, "cow", "sheep", "calf", in ta hau akushin mai mulki sai ta koma "beef", "mutton", "veal", na Faransanci. Mai kiwo da harshensa, mai ci da nasa.

Wannan labari ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, waɗanne kalmomi suka shigo bakinmu? Kotu, joji, ofis, gwamna, soja, fursuna. To duk shidan nan su ma Turawan Ingila aro su suka yi daga Faransanci bayan 1066, lokacin da aka mulke su. Kayan mulki ne da aka sauke a kansu, su kuma bayan ƙarnoni suka zo suka sauke mana. Idan tambaya ta fito a jarrabawa kan tasirin mutanen Nomandi, ki fara lissafo kalmomin mulki da shari'a da ke cikin Hausa, ki mayar da su Turanci, za ki ga rabin amsar ta fito.

Kin tambaya me za a yi da harshen da masu shi suka daina yi. Ba su daina ba, sauyawa ya yi a bakinsu, kuma mafi yawan sauyin a wannan zamani na ƙasƙanci ya bayyana. Tsohon Ingilishi yana da jinsi kamar Hausa, har ya fi, don nasa uku ne. Rana mace ce a wajensu, wata namiji, daidai da namu. Ƙarshen suna yana canzawa gwargwadon aikinsa a jimla, kamar i'irabin Larabci da kika yi a Islamiyya. Jam'i kuma iri-iri ne. Zama da Viking ya riga ya fara goge waɗannan ƙarshe-ƙarshen, da harshen ya rasa fada da makarantar da za su tsare shi sai gogewar ta yi sauri. Ana ganin haka ƙarara a littafin tarihin da malaman gidan ibada na Peterborough suka ci gaba da rubutawa da Ingilishi har 1154. Abin da ya tsira shi ne ragowar da ke ba ɗalibai wahala yau: "foot" da "feet", "man" da "men", "ox" da "oxen", "child" da "children". "Went" ma ba 'yar "go" ba ce, daga wani aikatau daban aka ɗauko ta. Gobe in Allah ya sa kin tsaya gaban allo, wata yarinya za ta ɗaga hannu ta tambaye ki dalilin da ba a cewa "foots". Malamin da bai san tarihin nan ba zai ce mata haka Bature ya ce, ta zauna tana ganin kanta ne ba ya ja. Ke za ki iya ba ta dalili.

Dawowar Ingilishi a hankali ta zo. Sarki John na Ingila ya rasa Nomandi a 1204, manyan Ingila suka fara ganin kansu 'yan tsibiri. Annobar 1348 ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, ma'aikata suka yi ƙaranci, talaka ya yi daraja, harshensa ma haka. A 1362 aka yi dokar cewa a riƙa shari'a da Ingilishi, kuma ita kanta dokar da Faransanci aka rubuta ta. Mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, ya nuna ana iya yin adabi mai nauyi da harshen. Amma ko a lokacin babu Ingilishi ɗaya. William Caxton, wanda ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila a 1476, ya rubuta a 1490 labarin wani ɗan kasuwa da ya sauka a gaɓar Kent ya tambayi wata mata "egges", ta ce masa ita ba ta jin Faransanci. Ya fusata, don shi ma ba ya ji. Sai da wani ya ce "eyren" sannan ta gane ƙwai yake so. Turawa biyu ke nan a ƙasa ɗaya, ɗaya na amfani da kalmar Viking, ɗaya da ta gado. Caxton ya yi ta tambayar kansa wacce zai buga.

Injin ɗab'i ya daskarar da rubutu a daidai lokacin da furuci ke tafiya. A da ana furta k ta "knife" da "knee", ana furta gh ta "night" daga maƙogwaro. Baki ya daina, takarda ta riƙe. Dogayen wasulan ma suka gusa gaba ɗaya daga wajajen 1400, shi ya sa "time" da "house" ba sa karantuwa yadda aka rubuta su. Wasu masana ma suka cusa b cikin "debt" don ta yi kama da asalinta na Latin. In rubutun Turanci ya ba ki wuya, tabon wannan tarihi ne kike tuntuɓe da shi.

Ga yadda nake so ki yi da maimaicin. Ki sami babbar takarda ki zana taswirar Birtaniya da gaɓar Turai, ki ja kibiya daga inda kowane baƙo ya taso, ki rubuta shekara a jikinta da kalmomi goma da ya bari. Ki manna a bangon gadonki. Sannan ki sami ƙawa ɗaya ko ƙanwarki ki ba ta labarin nan da Hausa, daga Rumawa har Caxton, ba tare da duba littafi ba. Inda kika tsaya cik, nan ne ba ki gane ba, nan za ki koma. Rubutun tsohon Ingilishi kuma da ƙarfi ake karanta shi, kowane harafi a furta, kamar yadda muke karanta Hausa. A nan ma kin fi su sa'a, don wasulansa sun fi kusa da namu a, e, i, o, u fiye da na Turancin yau. Ki faɗi "hus", "nama", "stan", ki saurari kanki, za ki ji "house", "name" da "stone" suna leƙowa. Ki je ofishin malamin da tsoffin takardun tambayoyi, ki ce masa kin faɗi kuma kina so ki san inda kika kauce. Malamai da yawa sun fi tuna ɗalibin da ya zo haka.

Game da komawa sashen Hausa, ba zan ce miki kada ki je ba, kuma ba na son yadda kika ɗauke shi kamar wurin fakewa. Karatu ne mai zurfi, can ma za ki tarar da ilimin furuci, da tarihin harsunan Chadi, wato dangin da Hausa ke ciki, da yadda littafi da alƙalami suka shigo daga Larabci, tebur da bokiti daga Turanci. In son Hausa ne ke jan ki, ki tafi da kanki a sama. Amma wasiƙarki ba ta ce kina son Hausa ba, cewa ta yi kina gudun dariya. Ki ba kanki wannan zangon. Ki yi magana a aji sau ɗaya kowane mako, ko da tambaya ce mai kalma biyar. Wanda ya kira ki da sunan nan ki amsa masa sallama ki wuce, suna irin wannan ba ya daɗewa in mai shi ta daina nuna yana yi mata zafi. In zango ya ƙare har yanzu ranki na wajen Hausa, sai ki sake rubuto mini mu duba yadda ake canjin.

Baba kuwa, kada ki bari ya ji a bakin wani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma sakamako ba ya ɓoyuwa har abada. Mutumin da ya san kiwo ya san akwai shekarar da ba ta yi kyau ba. Abin da zai yi masa ciwo shi ne ya gane 'yarsa ta ɗauki nauyi ita kaɗai wata da watanni tana tsoronsa. In bakinki ya yi nauyi ki fara gaya wa Inna, ku shiga wajensa tare bayan sallar isha'i. Ki ce masa kwas ɗaya ne cikin waɗanda kika yi, kin san inda kika yi kuskure, kuma za ki sake zama baɗi. Ki tafi da taswirar taki ki nuna masa, ki ba shi labarin "feoh" da shanu. Ki je wannan Juma'ar, kada ki ɗaga.

Gwaggonki